Filin tseren BMX na yanzu: keke ake tuƙawa ko jirgi?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi na kawo, kuma na san akwai masu cewa tsufa ne ke damuna. Ku faɗa, na yafe tun yanzu.

Ranar Asabar na raka autana atisayen BMX, wato tseren ƙananan kekuna mai tsalle-tsalle, a wani babban fili nan Ingila, irin mai tudun tashi biyu, ɗaya mita 5 ɗaya mita 8. Wani Bature sa'ana ya ji ina ba yaro labarin cewa ni ma na yi tsere a da, sai ya miƙo min kekensa mai taya inci 24 da hular kwano, wai in tuna baya. Ni kuma da girman kai na karɓa. Na hau ƙaramin tudun, na jingina tayar gaba da ƙofar tashi, wadda ke tare kekuna har ta faɗi a fara tsere, na leƙa ƙasa. Wallahi jama'a sai da na ji cikina ya juya. Ƙofa ta faɗi, yara bakwai suka ɓace kamar an harba su da gwafa, ni kuwa tun kafin in kai gindin gangara na damƙe birki. Tsallen farko ban tsallake shi ba, ban kuma bi shi a hankali ba, tsakiya na faɗa. Gwiwar hannuna ta ba da zakka.

Ba faɗuwar ce ta dame ni ba. A 1983, lokacin mahaifinmu yana karatu a Birmingham, na yi shekara biyu ina tsere da Raleigh Burner shuɗiya mai ratsin rawaya. Filinmu ƙasa ce zalla. Kwanonin hanya a shimfiɗe, an jera tsofaffin tayoyin mota a gefe, wani wurin damin ciyawa. Ƙofa kuwa wani dattijo ne ke riƙe da ita da hannu, ya yi ihu ya saki. Tun daga tashi har ƙarshe kana taka feda, ka isa layi numfashinka na fita da ƙyar. Wanda ya fi wayo a kwana shi ke ci. Abin da na gani ranar Asabar kwanoni ne na kwalta masu tsayin katanga, ƙasa sumul kamar daɓen ɗaki, yara kuma rabin tseren a sama suke yinsa. To ni tambayata: wannan har yanzu wasanmu ne, ko wani ne daban ya ari sunan?

Alhajin Bompai: Wa alaikumus salam. Sannu Baban Sadiya, Allah ya ƙara sauƙi. Amma tsakani da Allah, mutum ya haura hamsin ya je ya jera da 'yan shekara goma sha ɗaya, me kake so tudu ya yi maka? Ya durƙusa ya gaishe ka?

Maman Ihsan: Hahaha Alhaji ka bari mana, mutum na jinya. Sannu Yaya. Maman Sadiya ta sani kuwa?

Baban Sadiya: Ta sani Hajiya, ita ta wanke ciwon. Abin da ta faɗa ba zai rubutu a zaure ba.

Kawu Na-Ohio: Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Ni na riga ka shiga harkar, 1978 na fara, a nan Amurka, kuma abin da ka faɗa shi muke tattaunawa duk lokacin da tsofaffi suka haɗu a bakin fili.

Matasan zauren nan ku fahimci inda abin ya samo asali, sai ku gane kukanmu. Yaran kudancin Kalifoniya ne suke son tseren babur na cikin daji, ba su da kuɗin babur, sai suka ɗauki kekunansu ƙirar Schwinn Sting-Ray suka shiga kangwaye suna kwaikwayo. A 1970 Scot Breithaupt, yana ɗan shekara 13, ya fara shirya tsere a wani fili a Long Beach. To tunda babur ake kwaikwaya, filin ma na babur aka kwaikwaya: taɓo, ramin ruwa, kwana a shimfiɗe wadda sai ka sauke ƙafa ɗaya kana jan ta a ƙasa, wani filin ma a jikin tsauni aka yanka shi, tun daga sama har ƙasa gangara ce. Babu filaye biyu da suka yi kama da juna. Kowane gari da irin ƙasarsa da irin haukan wanda ya zana shi. In ka je baƙon fili, sai ka zagaya shi da ƙafa tukuna kana karanta shi, ina rami, ina yashi, ina za ka matse mutum.

Yanzu fa? Ka je Rock Hill a nan Amurka, ka je Papendal a Holan, ka je Zolder a Beljiyam. Tudu, miƙaƙƙiyar hanya, kwana, miƙaƙƙiya, kwana, gargada, kwana, layi. Kamar tela ɗaya ne ya yanka su.

Ɗan Auta: Kawu ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Baban Sadiya sannu da jiki. Ku yi min afuwa in sa baki, tunda ni ne nake hawan irin filin da ake zagi.

Maganar cewa ba ma taka feda gaskiya ce rabi. Muna takawa, sai dai a wurare ƙalilan, kuma da dukkan ƙarfi. Sauran gudun daga jiki yake fitowa. A gargada, kunyoyin nan da ke jere, in tayar gaba ta hau kunya kana sassauta nauyi, in ta gangara kana danna keken da hannu da ƙafa, mu famfo muke ce masa. Wanda ya iya zai fito daga gargada da gudun da ya fi wanda ya shiga da shi, bai juya feda ko sau ɗaya ba. Ga ɗaga tayar gaba ka ratsa kunya biyu ko uku a kan ta baya. Ga zaɓi: wannan in tsallake, ko in bi ta ƙasa? Duk cikin daƙiƙa talatin da wani abu, da mutum bakwai a kafaɗarka. Ba wayo aka cire ba Baba, wurin zamansa ya sauya.

Baban Sadiya: Ɗana na ji ka, kuma ban raina abin da kuke yi ba, gwiwar hannuna shaida ce. Amma amsa min wannan. Cikin tsere goma da ka yi na baya-bayan nan, sau nawa wanda ya fara shiga kwanar farko bai ci ba?

Ɗan Auta: Gaskiya ba su da yawa.

Baban Sadiya: To ka gani. Kenan tseren daga ƙofa zuwa kwanar farko ne, sauran rakiya ce. A zamaninmu kana iya tashi na shida ka ci, don na gaba zai zame a kwana, ko ƙafarsa ta kuɓuce daga feda, ko ya gaji a hanyar ƙarshe. Kwana shimfiɗaɗɗiya hanya goma gare ta. Kwanar kwalta kowa ya san layin da ya fi sauri, kuma taya ba ta zamewa, to ta ina na baya zai shiga?

Ɗan Auta: Ana shiga Baba. Ka hau sama a bakin kwana ka yanko ƙasa a fita, ko ka shigo ta ƙasa ka tura mutum sama har gudunsa ya mutu. Kwaltar ma ita ta ba mu damar yin haka ba tare da mun kwashi juna ba. Amma na yarda, a matakin manya kowa ya ƙware, kuskure ya yi ƙaranci, shi ya sa ƙofa ta zama komai. Mu kan yi awa guda ba abin da muke yi sai tashi daga ƙofa.

Kawu Na-Ohio: Ƙofar ma ai an cire mata rai. Da, kana kallon hannun mai sakin ƙofa, ka san halinsa, ka san in ya ja numfashi zai saki. Daga baya aka kawo ta lantarki mai murya, muka haddace muryar har muna tashi kafin ta faɗi. Da suka gane, sai suka sa jinkirin da ba a iya hasashe tsakanin murya da ƙarar. Wannan kam ban ce ba daidai ba ne, mun yi satar ƙofa ba kaɗan ba, Allah ya yafe mana.

Mai Shebur: Salamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa, amma maganar kwalta ta taɓo ni, don shekara tara ke nan ina cikin masu aikin sa kai a ƙaramin filin unguwarmu a arewacin Ingila.

Yaya Baban Sadiya, da girmamawa, lokacin da kake ɗan shekara goma sha biyu kana jin daɗin kwanar ƙasa, wa yake gyara ta? Kai dai ka zo ranar Lahadi ka tarar da ita. Akwai wani uban yara da ya kwana uku yana turin baro. Ni na gaji wannan aikin, na san shi. Ƙasar nan ruwa ba ya ɗaukewa. Kwanar ƙasa in ta sha ruwan hunturu, sai ta tsage, ruwa ya yi hanya a tsakiyarta, yara su bi da taya su haƙa rami, in sanyi ya yi ƙanƙara ta shiga ta kumbura ƙasar, ta narke ta bar maka kunu. Mun rufa da tamfol, iska ta yaye. Mun kira ranar aiki, iyaye arba'in ne a rajista, mutum biyar suka zo, biyu daga ciki sun zo shan shayi ne. Sau nawa muka soke tsere saboda kwana ɗaya ta lalace, bayan mutane sun tuƙo mota awa biyu.

Ranar da aka zuba mana kwalta a kwanoni uku, wallahi kamar in yi kuka don daɗi. Yanzu aikinmu miƙaƙƙun hanyoyi ne kawai: mu zuba garin farin dutse, mu jiƙa, mu bi da injin daɓe. Ruwa ya tsaya da safe, da rana yara na hawa. Ba wani ne ya zauna a ofis ya ce bari in ɓata wa tsofaffi wasa ba. Bayanmu ne ya gaji.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri Mai Shebur. Wannan gaskiya ce da ba a faɗa. Ni ma ina cikin masu zuwa shan shayin, na tuba.

Baban Sadiya: Ka kama ni Malam. Ban taɓa riƙe shebur a filin nan na 1983 ba, ko sau ɗaya. Dattijon da ke sakin ƙofa shi nake gani da baro, ban taɓa tambayar kaina ƙarfe nawa ya zo ba.

Kawu Na-Ohio: Na karɓi uzurin kwalta, a nan ma har wani ruwan gam ake fesa wa ƙasa don ta daskare. Amma ruwan sama bai gina tudu mai mita 8 ba. Wannan aikin Olamfik ne.

Ku bi lissafin. An kafa ƙungiyar BMX ta duniya a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a 1982 a Dayton, nan jiharmu, Greg Hill ya ci. A 1993 wasan ya koma ƙarƙashin UCI, hukumar kekuna ta duniya. A 2003 kwamitin Olamfik ya ce za a saka BMX a wasannin Beijin na 2008. Daga nan komai ya juya. Ana son abin da zai cika ido a talabijin, wanda mutumin da bai taɓa ganin BMX ba zai riƙe baki. Sai aka ɗaga tudun tashi ya kai tsayin bene, mahayi ya iso gindinsa da gudun kusan kilomita 60 a awa, aka buɗe tsalle-tsalle yadda wannan gudun zai ɗauka, aka ware wa manyan maza hanyarsu daban mai ramuka masu faɗi. Amurka har kwafin filin Beijin ta gina a Chula Vista don 'yan wasanta su saba. Māris Štrombergs na Latbiya da Anne-Caroline Chausson ta Faransa suka ci zinare, duniya ta tafa, shi ke nan kowace ƙasa ta ce irin wannan take so.

Abin da ya fi ci min rai, ƙananan filaye ma suka fara kwaikwayo. Kowane kulob yana son a ce filinsa na zamani ne.

Na-Zinder: Salamu alaikum, ina wuninku. Kawu, ni ban yi zamaninku ba, belo na sani na zuwa makaranta a Damagaram, sai da na zo Faransa na san wannan wasa ta wurin ɗiyata. Amma ina cikin filin Saint-Quentin-en-Yvelines daren 2 ga Agusta 2024. Joris Daudet, Sylvain André, Romain Mahieu, Faransawa uku suka kwashe zinare da azurfa da tagulla. Ban taɓa jin ƙara irin ta wannan dare ba, rumfar kamar za ta tashi. Da aka koma makaranta a watan Satumba, kulob ɗinmu har jerin jira aka buɗe saboda yawan yara. In da a kangon bayan gari ake yi da tayoyin mota, wa zai zo? Wa zai ba da kuɗin gina fili? Magajin gari ba ya sa hannu a takarda don taɓo.

Alhajin Bompai: Belo kuma? Mutanen Nijar ba ku da dama. Keke dai, keke.

Na-Zinder: Alhaji ku da kuke ce wa kowane keke Rali, ku bar mu da belonmu.

Alhajin Bompai: Ai mu da hujja, a nan Bompai aka yi masana'antar Raleigh ɗin. Baban Sadiya yana can yana tsalle da Burner, mu muna nan da Chopper muna faɗawa kududdufi.

Maman Ihsan: Ku bari in dawo da mu kan hanya, don ni inda abin ya fi damuna daban ne. Ihsan shekararta 14, ta fara maganar tana son hawa babban tudu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da ido ya gani a wurin aiki ba ya barin zuciya ta kwanta.

Malam Na-Zinder, a daren da kake magana Saya Sakakibara ta Ostareliya ce ta ci zinaren mata. Yayanta Kai ya faɗi a gasar cin kofin duniya a Bathurst a farkon 2020, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, tserensa ya ƙare daga ranar. A Olamfik na Tokyo, Connor Fields, wanda ya ci zinare a Olamfik na Rio, ya faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe har jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Sam Willoughby, zakaran duniya sau biyu, ya karye a wuya a 2016, a keken guragu yake yanzu. Waɗannan su ne gwanayen gwanaye. Kuma ba iyaye kaɗai ke tsoro ba, su kansu mahayan sun taɓa tirjewa: a gasar gwaji ta Rio a 2015 sun ƙi hawa sai da aka gyara filin. Filin Olamfik na Landan ma an yi masa gyara bayan gwajin 2011 saboda koke. In masu abin sun ce ya yi yawa, ni uwa me zan ce?

Ɗan Auta: Anti, duk abin da kika lissafa haka yake, kuma muna jin sa a jikinmu. Gyara ɗaya kawai: Sam a atisaye ya faɗi, ba a gasa ba. Ina faɗa ne don kada a ɗauka tsayin tudu ne kaɗai matsala. Keke ne, ko'ina ana faɗuwa. Kuma ba a barin yaro ya hau mita 8 haka kawai, sai koci ya ga ya ƙware a ƙarami tukuna. Ni sai da na shekara biyu ina kallon sa kafin a bar ni. Ranar farko ƙafafuna rawa suke, na sauko ta matakala sau biyu kafin in iya sakin birki.

Maman Ihsan: To ka ga kai ma ka ji tsoro.

Ɗan Auta: Har yanzu ina ji Anti. Wanda ya ce ba ya ji, ƙarya yake.

Kawu Na-Ohio: Kada dai a ce zamaninmu lafiya lau ne. Mun fi su yawan faɗuwa nesa ba kusa ba. Wando jins, takalmin Vans, hular da ba ta rufe haɓa, firam ɗin ƙarfe da ke tsagewa a wurin walda. Na karya ƙashin kafaɗa sau biyu, haƙorina na gaba na roba ne tun ina aji uku na sakandare. Bambancin shi ne muna faɗuwa da ƙaramin gudu, a kan ƙasa mai laushi, ka tashi ka karkaɗe ka ɗauki keke. Yau faɗuwa ba ta da yawa, amma in ta zo, da gudun mota take zuwa, kuma abin da ke jiranka kwalta ne ko ƙasar da aka daɓe ta zama siminti. Wanne ya fi? Ni dai na san wanda zan zaɓa wa jikana, amma na san shi ba zai zaɓe shi ba.

Baban Sadiya: Akwai kuma fedar nan mai kama takalmi. Kawu ka tuna, sauke ƙafa a kwana shi ne rabin gwanintar. Yanzu ƙafa a ɗaure take da keke, in za ka faɗi da shi za ku tafi.

Ɗan Auta: Tana fita Baba, murɗa dunduniya kawai ake yi. Kuma dokar UCI ba ta yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ya sa ta ba, don ya fara koyon riƙe keke da feda ta gargajiya. Amma kaza da ƙwai ne: fedar ta sa aka daina buƙatar sauke ƙafa, kwanar kwalta ta sa sauke ƙafar ya zama asarar lokaci. Ko an hana ta gobe, ba wanda zai sauke ƙafa a kwanar da ta riƙe shi kamar kwano.

Maman Ihsan: Ni kuɗin ma ya ishe ni. Takalmi daban, feda daban, firam na kabon, birki mai faifai, hula mai rufe fuska, rigar sulke. Wasan da Kawu ya ce yaran da ba su da kuɗin babur ne suka ƙirƙira, yau kekensa ya kusa kuɗin babur ɗin.

Mai Shebur: A matakin gasar ƙasa haka ne Hajiya. Amma a kulob muna da kekunan aro da huluna, yaro ya zo da dogon wando da riga mai dogon hannu, shi ke nan. Ku dubi Peckham a kudancin Landan, unguwar talakawa ce, daga kulob ɗinta Kye Whyte ya fito ya ci azurfa a Tokyo. Fili mai kyau a tsakiyar unguwa ya fi amfanar ɗan talaka a kan kango a bayan gari wanda sai mai mota ke iya zuwa.

Alhajin Bompai: Ni duk wannan rigimar taku ta masu ƙoshi ce. Kuna faɗa a kan kwalta ko ƙasa, mu ko ɗaya ba mu da shi a unguwarmu. Ga yara nan bayan gidana, sun tara jar ƙasa a bakin ramin da aka haƙa don bulo, sun ɗora katako, da kekunan gwanjo ba birki, silifas ake sawa a taya a tsaya. Kawu, abin da ka ce ana yi a Long Beach a 1970, wallahi shi nake gani ta taga kowace yamma. In kuna kewar zamaninku ku zo hutu, yana nan bai je ko'ina ba.

Kawu Na-Ohio: Alhaji ka ba ni dariya ka kuma sa ni tunani. Afirka ta Kudu dai ta karɓi gasar duniya a Pietermaritzburg a 2010, kuma ɗansu Sifiso Nhlapo ya kai zagayen ƙarshe a Beijin. Marmarar Kano kuwa in ta sha ruwa ta sha daɓe, ba ta buƙatar gam ɗin da muke saya. Tifa nawa ne?

Alhajin Bompai: Tifa ba ita ce matsala ba, fili ne. Ka daɓe yau, gobe ka tarar an kafa harsashin shago.

Baban Sadiya: Jama'a na dawo. Jiya da daddare na zaunar da autana na nemo mana tsofaffin bidiyon tseren Ingila na shekarun 1980 a YouTube, don in nuna masa abin da ya rasa. Kun san me ya faru? Ni na ji kunya. Tsallen da nake ba da labari shekara arba'in kamar kogin Kwara muke tsallakewa, ashe bai fi kunyar dankali ba. Yaro ya kalla ya kalla, ya ce, “Baba, me ya sa suke ta taka feda ba sa tafiya?” Na ce tashi ka je ka kwanta.

Amma ban janye duka ba. Na janye maganar kwalta, Mai Shebur ya gama da ni. Na janye cewa babu wayo, Ɗan Auta ya yi bayani. Abin da na riƙe shi ne wannan: a filinmu na da, duk wanda ya iya tuƙa keke zai iya zagayawa ranar farko, ko yaro ko babansa. A hankali zai je, amma zai je. Filin da na hau ranar Asabar, tsallensa na farko an gina shi ne don wanda zai tashi sama. In ba za ka tashi ba, leɓensa a tsaye yake, ya harba ka ko ba ka so. Babu wurin matsoraci, kuma kowa da tsoro yake farawa. Filin Olamfik na Landan ma ai sai da aka sake fasalinsa bayan 2012 kafin a buɗe wa jama'a.

Mai Shebur: A nan kam muna tare ɗari bisa ɗari, kuma faɗan da nake yi ke nan a kwamitinmu. Duk lokacin da za a sake gini, iyayen yara uku da suka fi ƙwarewa su ke da murya, a ƙara tsayi, a ƙara rami. Ni kuma ina cewa duk abin da za mu gina, ɗan shekara biyar da kakansa su iya mirginawa a kai ba tare da taya ta bar ƙasa ba. Ana iya yin tsallen da gwani zai tashi, sabo kuma ya bi ta kai lafiya, cike ramin tsakiya kawai ake yi a kwantar da leɓen. Ya fi cin ƙasa da aiki, shi ya sa ba a so. Namu haka muka yi shi, tudun tashinmu ma bai kai rabin wanda ya kayar da kai ba.

Yaya, ba ka fi awa biyu da mu ba. Asabar ta sama muna da ranar aiki da safe, da rana kuma buɗaɗɗen hawa. Akwai rukunin 'yan sama da hamsin, mutum huɗu ne, kullum suna neman na biyar. Ka zo da auta. Shebur na jiranka tun 1983.

Ɗan Auta: In Baba zai je ni ma zan shigo jirgin ƙasa in zo. Zan nuna maka famfo a gargada, minti ashirin ya isa ka fara ji a jikinka. Sharaɗi ɗaya, yatsa ɗaya kawai a kan birki.

Kawu Na-Ohio: A ɗauko mana bidiyo don Allah. Kuma ƙanena, ka sauke ƙafa a kwana ko sau ɗaya, saboda ni.

Na-Zinder: A kan kwalta Kawu? Takalmin zai tsaya, shi ya wuce.

Baban Sadiya: In sha Allah zan zo, in gwiwar hannu ta yarda. Mai Shebur, a kekunan aron naku akwai mai inci 24? Bayana ba zai ɗauki ƙaramin ba. Kuma a tanadar min hula, tawa tun ranar Lahadi Maman Sadiya ta ce ba ta san inda take ba.

Mai Shebur: Akwai guda biyu, ɗaya sarƙarsa na ƙara amma yana tafiya. Ƙarfe tara muke farawa. Ka zo da safar hannu ta aiki, garin dutsen nan yana cin fata.

Maman Ihsan: Ni zan kawo shayin.